Tawada kafin albarushi: kasuwar wasiƙun maƙeran bindigogi

A watan Afrilun 2018, a wani zauren gwanjo da ke garin Rock Island na jihar Illinois a Amurka, an sayar da wata tsohuwar libarba a kan dala miliyan 1 da dubu 840. Ƙirar Colt Walker ce ta shekarar 1847, ɗaya daga cikin guda 1,100 kacal da aka ƙera. Wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan ƙasar Denmark ne ya saye ta tana sabuwa a birnin New York, ya tafi da ita gida, ta zauna a can tsawon zamani cikin akwatinta na asali. A cikin akwatin kuwa akwai wata 'yar takardar ciniki wadda kamfanin gwanjon ya ce Samuel Colt ne ya rubuta da hannunsa. Babu mai iya raba farashin gida biyu ya ce ga na ƙarfe ga na takarda, amma duk wanda ya san harkar ya san cewa kaso mai tsoka na kuɗin nan tawada aka saya da shi.

Akwai masu tara kayan tarihi, galibinsu a Amurka da Turai, waɗanda takardar kaɗai suke nema, ba ruwansu da bindigar. Suna bin gidajen gwanjo irin su Heritage a Dallas da RR Auction a Boston da Bonhams a Landan, suna jiran wasiƙar Colt, ko ta Richard Gatling, ko ta Hiram Maxim ta faɗo kasuwa. Takarda ba ta neman lasisin 'yan sanda, tana tsallake iyaka cikin ambulan, kuma ba ta cin wuri. Sai dai abin da ya fi jan su shi ne cewa bindiga tana nuna yadda aka ƙera ta ne kawai. Dalilin ƙera ta, da wanda aka roƙa ya saya, da alkawarin da aka yi masa, duk a wasiƙa suke.

Dillalan wannan kasuwa suna da matakansu. A ƙoli akwai wasiƙar da mutum ya rubuta da hannunsa tun daga gaisuwa har sa hannu, wadda suke yi wa alama da haruffa uku, ALS. Ƙasa da ita akwai wadda akawu ya rubuta, ko aka buga da keken rubutu, mai gida ya sa hannu kawai. Can ƙasa kuma akwai sa hannun da aka yanko da almakashi daga jikin wata takarda, mummunar ɗabi'ar masu tara kaya na ƙarni na 19 wadda ta lalata dubban wasiƙu. Amma matakin ba shi kaɗai ke yanke farashi ba. Wasiƙar da Gatling ya yi godiyar gayyatar cin abinci a cikinta ba za ta kama ƙafar wadda ya yi bayanin bindigarsa ba, ko da duka biyun da hannunsa ya rubuta.

Mai bashi da kyaftin

Wasiƙun da suka fi daraja a tarihin Colt na lokacin da ba shi da komai ne. Ya samu takardar haƙƙin ƙirƙira a watan Fabrairun 1836, aka kafa masa kamfani a Paterson ta jihar New Jersey, kamfanin ya durƙushe a 1842. Zuwa ƙarshen 1846, Amurka na yaƙi da Mexico, sai ya rubuta wa Kyaftin Samuel Walker, wanda ya yi suna cikin dakarun Texas da ake kira Rangers, yana neman ya ba da shaida kan bindigarsa. Amsar Walker ta ba da labarin yadda a 1844 mutum goma sha biyar riƙe da libarbar Colt suka kara da mahaya kusan tamanin na ƙabilar Comanche, suka kashe ko suka raunata wajen rabinsu. Da wannan shaida, da goyon bayan Walker, Colt ya samu kwangilar bindiga 1,000 a watan Janairun 1847, alhali ba shi da masana'anta. Sai da ya kai aikin masana'antar ɗan Eli Whitney a Whitneyville. Walker bai ga ƙarshen shekarar ba, an kashe shi a Huamantla a watan Oktoba. Colt kuwa ya ci gaba da tallata hajarsa da labarin, har ya sa aka zana hoton fafatawar a jikin bindigogin.

Wasiƙun da ke tsakanin Colt da ɗan uwansa Dudley Selden, wanda ke riƙe da jakar kamfanin Paterson, sun fi tona halinsa. Colt ya tare a Washington yana shirya wa jami'ai da 'yan majalisa liyafa da kuɗin kamfani, Selden yana rubuto masa cewa shi bai yarda tsohuwar barasa za ta ƙara wa bindiga inganci ba. Colt bai daina ba. Har ya mutu a 1862 yana rabar da bindigogi masu ado ga sarakuna da janar-janar da duk wanda sa hannunsa ke da amfani, kuma a 1854 sai da wani kwamitin majalisar wakilai ya binciki zargin cewa wakilansa sun nemi sayen ƙuri'u don a tsawaita masa haƙƙin ƙirƙira.

Colt bai yi zurfi a boko ba, kuma rubutunsa ya shaida haka: yakan rubuta kalmomin Turanci yadda kunnensa ya ji su. Wannan aibi ya zame wa masu saye garkuwa, domin wasiƙar da aka ce ta ƙuruciyar Colt ce amma ta fito tsaf babu kuskure, to ko dai akawu ne ya rubuta ko kuwa ɗan damfara. Abin da ya ƙara wa takardunsa tsada shi ne gobarar da ta cinye babban ɓangaren masana'antarsa ta Hartford a watan Fabrairun 1864. Mafi yawan abin da ya tsira yana hannun ɗakin karatu na jihar Connecticut da gidajen tarihin Hartford, inda ba sayarwa ake yi ba.

Kwangilar wata 28 da ta ci shekara goma

Wanda ya taɓa riƙe fayil ɗin kwangila a wata ma'aikata zai karanta wasiƙun Eli Whitney kamar ya san mutumin. A ranar 1 ga Mayun 1798, Whitney, wanda shari'o'i kan injinsa na gurzar auduga suka tsiyata, ya rubuta wa Sakataren Baitulmali Oliver Wolcott cewa zai iya ƙera wa gwamnati bindiga dubu goma zuwa sha biyar da injinan da ruwa ke juyawa. Bai taɓa ƙera bindiga ko ɗaya ba. A watan Yuni aka ba shi kwangilar guda 10,000 a kan dala 13 da santi 40 kowace, cikin wata 28, tare da kuɗin kafin alƙalami. Wa'adi ya cika bai kawo komai ba. Sai wasiƙu: dusar ƙanƙara ta hana aiki, annobar shawara ta tsayar da jigilar ƙarfe, ma'aikata ba su ƙware ba, a ƙara lokaci, a ƙara kuɗi. A watan Janairun 1801 ya je Washington ya nuna wa Shugaba John Adams da mataimakinsa Thomas Jefferson yadda yake musanya makunnin bindiga daban-daban a jikin bindiga guda, aka gamsu, aka ƙara masa kuɗi. Bai kammala kwangilar ba sai 1809.

Fiye da shekara ɗari littattafan makaranta a Amurka suna kiransa uban ƙera kaya masu sassa iri ɗaya, kuma wasiƙunsa, waɗanda ke ajiye a Jami'ar Yale, suna cikin abin da aka dogara da shi. A shekarun 1960 ne wani masani a gidan tarihi na Smithsonian, Edwin Battison, ya kwance bindigogin Whitney ya duba. Ya tarar da hannu aka goge sassan, har da 'yan alamomi don kada na wannan bindiga su gauraya da na waccan. Ashe wasiƙun buri suke faɗa, ba abin da ke faruwa a masana'anta ba.

Labarin Whitney ya fito da wani abu da ya shafi kasuwar gaba ɗaya. Mai ƙirƙirar makamin yaƙi abokin ciniki ɗaya gare shi na gaske, wato gwamnati, saboda haka mafi muhimmancin wasiƙunsa ofis aka aika su. A farkon yaƙin basasar Amurka, Janar James Ripley, shugaban sashen makamai, ya koka a rubuce kan yawan sababbin ƙirƙire-ƙirƙire da ake cusa wa soja, ya ƙi akasarinsu. Amma ko wasiƙar da aka ƙi sai an yi mata rajista. Akawu zai ninke ta uku, ya rubuta sunan mai aikowa da kwanan wata da taƙaitaccen bayani a bayanta, ya sa lamba. Wannan rubutu na bayan takarda, ɗan uwan hatimin karɓa da ake bugawa a ofishin rajista, yana faranta ran mai saye domin ya tabbatar da sahihanci. Ya kamata kuma ya tayar masa da hankali, domin tambaya ta gaba ita ce yadda takardar ta bar fayil.

A 2006 wani ɗan koyon aiki a reshen ma'adanar takardun gwamnatin Amurka da ke Philadelphia ya riƙa saka takardun zamanin yaƙin basasa tsakanin shafukan littafin rubutunsa yana fita da su. Guda 164 ya kwashe, da yawansu daga takardun rumbun makamai na Frankford, ya zuba su a eBay. Ba masu gadi ne suka kama shi ba. Wani mai wallafa littattafai kan harsasan yaƙin basasa ne ya ga wata wasiƙa a kasuwar, ya tuna cewa shekaru da dama da suka wuce ya ɗauki kwafinta a ma'adanar, ya sanar da hukuma. An gano 161, aka ɗaure ɓarawon wata 15 a 2007. Waɗanda suka saya da zuciya ɗaya dole suka mayar, domin a dokar ƙasar takardar gwamnati ba ta zama halaliyar kowa don ta bi ta hannu goma. A nan aka ga fuskoki biyu na masu tara takardu: kuɗinsu ne ya sa aka yi satar, idonsu ne kuma ya tona ta.

Gatling da murya biyu

Wasiƙar da aka fi ambato a wannan fage ita ce wadda Richard Gatling ya rubuta daga Hartford a watan Yunin 1877 zuwa ga Lizzie Jarvis, wata budurwa daga dangin matar Colt. A ciki ya ba ta labarin yadda a 1861, yana zaune a Indianapolis, yake ganin samari suna tafiya fagen daga kusan kullum, ana dawo da su marasa lafiya ko gawa, kuma akasarinsu cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba. Sai ya yi tunanin cewa in ya ƙirƙiro bindigar da mutum ɗaya zai yi aikin mutum ɗari da ita, buƙatar manyan rundunoni za ta ragu, mace-mace su ragu. Gatling ya karanci likitanci, ko da yake bai yi aikin ba, kuma wasiƙar ta dace da hoton mutum mai tausayi wanda ƙirarsa ta fi ƙarfinsa.

Amma akwai wata, mai kwanan watan 18 ga Fabrairun 1864, cikin takardun Abraham Lincoln a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A wannan, Gatling yana gaya wa shugaban ƙasa cewa bindigarsa ce abin da ake buƙata don murƙushe tawayen Kudu, yana roƙon a duba ta, yana kushe wata bindigar da ke gasa da tasa. Babu wani dogon zance kan ceton rayuka. Soja ba su karɓe ta a hukumance ba sai 1866, bayan an gama yaƙin, inda suka yi odar guda 100.

Ba lallai ne a ce Gatling ya yi ƙarya a ɗaya daga cikinsu ba. Mutum yakan iya gaskata abu biyu, musamman in shekara goma sha uku ta raba su, kuma mai karanta ta farko shugaban ƙasa ne mai riƙe da jaka, mai karanta ta biyu budurwa ce da ke son sanin dalilin dattijo. Matsalar tana wajen wanda ya mallaki irin ta biyu ya rataye ta cikin gilashi. Abin da ke bangonsa gaskiya ne, amma rabinta ne. Kasuwa kuwa ta fi biyan rabin da ke da daɗin ji, kuma aikinta na yau da kullum shi ne ta ɓalle takarda ɗaya daga tarin 'yan uwanta ta sayar da ita ita kaɗai.

Shekara uku kafin wasiƙar Lizzie, bindigar ta riga ta iso Afirka ta Yamma. A yaƙin da Ingilishi suka yi da Asante a 1873 zuwa 1874, Janar Garnet Wolseley ya kai Gatling har Prasu a bakin kogin Pra, a ƙasar Ghana ta yau, aka harba ta a gaban manzannin Asante don a tsorata su. Sojojin igwa na wannan runduna, ƙarƙashin Kyaftin Rait, Hausawa ne.

Yadda ake gane jabu

Kafin gwani ya karanta abin da wasiƙa ta ce, jikinta yake fara dubawa. Har tsakiyar ƙarni na 19 da tsumma ake yin takarda, kuma irinta tana daɗewa ba ta karye ba. Bayan shekarun 1860 takardar niƙaƙƙen itace ta mamaye kasuwa, ita ce ke yin ja tana marmashewa. In aka ɗaga tsohuwar takarda a haske sau da yawa akan ga tambarin masana'anta, wani lokaci har da shekara, kuma wasiƙar 1847 ba ta zama a kan takardar 1860. Tawadar zamanin ana haɗa ta ne da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak, da sinadarin ƙarfe, da ƙaro, wanda Turai ke saye daga yankin Sahel. Tana farawa baƙa, ta koma ruwan ƙasa, ta riƙa cin takardar a hankali. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda kuwa takan bazu ta yi gashi-gashi a gefen haruffa. Ana duba ninki ma. Kafin shekarun 1840 ba a cika amfani da ambulan ba, wasiƙar kanta ake ninkewa a like da kakin hatimi a rubuta adireshi a baya, kuma Amurka ba ta fitar da kan sarki na ƙasa ba sai 1847.

Duk da haka an sha yaudarar gwanaye. Mark Hofmann na Salt Lake City ya shafe shekaru yana sayar wa manyan dillalai takardun jabu na shahararrun Amurkawa, yana tsufar da tawadarsa da sinadarai, har asirinsa ya kusa tonuwa ya kashe mutum biyu da bam a 1985. A binciken kisan ne aka lura cewa tawadarsa tana tsattsagewa kamar fatar kada in aka duba ta da madubi mai ƙara girman abu. Tun daga nan masu hankali suka ƙara riƙe salsalar takarda: wa ya karɓe ta, wa ya gada, a wane gwanjo ta taɓa fitowa, a wace shekara. Takardar da ta ɓullo daga sama, ko da ta yi kyau, ana ɗaga mata gira.

Wani maƙerin kuma ƙarancin rubutunsa ne matsalar. John Moses Browning na Ogden a jihar Utah, mai takardun haƙƙin ƙirƙira 128, wanda ya faɗi ya mutu a masana'antar FN da ke Herstal ta Beljiyam a 1926, mutum ne na maƙera, ba na tebur ba. Ƙanensa Matthew ne ke riƙe da harkar kasuwanci. Wasiƙar da aka aika wa kamfanin Colt a watan Nuwamban 1890, ana sanar da shi cewa an kammala wata bindiga mai sarrafa kanta, da sunan kamfanin 'yan uwan ta fita. Mai neman hannun John sai ya yi hattara kada ya sayi na Matthew. Zuwa lokacin ma rubutun hannu ya fara ja da baya a ofisoshi, kuma maƙeran bindiga ne suka jawo: kamfanin Remington, da kasuwar makamai ta yi sanyi bayan yaƙin basasa, shi ya fitar da keken rubutu na farko da ya karɓu a 1874.

Maxim uku, da wasiƙun ɗaya ɓangaren

Sa hannun da ya fi rikita sababbin shiga shi ne H. Maxim, domin mutum uku ke da shi. Akwai Hiram Stevens Maxim, haifaffen jihar Maine, wanda ya ƙera bindiga mai jigida a Landan a 1884, mai zubar da harsashi wajen 600 a minti guda, ya zama ɗan Birtaniya, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1901. Akwai ƙanensa Hudson, masanin albarushi, wanda suka yi gaba har mutuwa, Hiram yana zarginsa da cin kasuwa da sunansa. Akwai kuma ɗansa Hiram Percy, wanda ya ƙirƙiro abin rage ƙarar bindiga. Takardun Hudson suna ɗakin karatu na Hagley a jihar Delaware, na kamfanin Vickers, wanda ya haɗiye na Maxim, suna Jami'ar Cambridge. Babban Hiram ba mai neman uzuri ba ne irin Gatling. Shi da kansa ya ba da labarin yadda wani Ba'amurke ya ba shi shawara a Vienna a 1882 cewa in yana son dukiya ya bar lantarki, ya ƙirƙiro wa Turawa abin da za su yanka juna da shi cikin sauƙi.

Turawa sun yanka juna da ita daga 1914, amma a Afirka aka fara gwada ta. Maxim ya ba Henry Morton Stanley guda ɗaya don tafiyarsa ta 1887, kuma da wannan tsohuwar bindiga Frederick Lugard ya shiga Uganda a 1890. A Omdurman ta Sudan, ranar 2 ga Satumban 1898, an kashe mayaƙan Mahadi fiye da 10,000, ɓangaren Ingilishi da Masar bai rasa mutum 50 ba. Rundunar Kanar Morland da ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903 tana ɗauke da igwa huɗu da Maxim huɗu. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, kuma a Burmi, ranar 27 ga Yuli, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru da ɗaruruwan mabiyansa.

Waɗanda aka juya wa bakin bindigar su ma masu rubuta wasiƙa ne. Da Turawa suka shiga Sakkwato sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, na sarakunan daula suna ba da labarin matsowar Nasara suna neman shawara. H. F. Backwell ya buga fassararsu a Legas a 1927, kuma darajarsu ga masana ta zo ne daga kasancewarsu tare a wuri guda, wannan tana haska waccan. A gefe guda kuma akwai wasiƙa ɗaya tilo da Lugard ya ce ya samu daga Sarkin Musulmi Abdurrahman a 1902, wadda ta ce babu abin da ke tsakani sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujja a Landan. Fassararta ta Turanci ce ke hannu, asalin Larabcin bai bayyana ba. D. J. M. Muffett, tsohon jami'in mulkin mallaka, ya yi shakkar ta a littafinsa na 1964, masana kuma suna ta muhawara a kai. Da a zauren gwanjo aka kawo ta a haka, babu dillalin kirki da zai taya.

Sa hannu mai rawa

Mikhail Kalashnikov ya shafe rayuwarsa yana amsa tambaya ɗaya daga 'yan jarida, kuma amsarsa ba ta sauya ba: yana barci lafiya, ya ƙera bindigarsa ne don kare ƙasarsa bayan raunin da ya samu a Bryansk a 1941, laifin na 'yan siyasa ne. An ƙiyasta cewa bindigogi ƙirar AK da ke duniya sun kai wajen miliyan 100. Ya mutu a Izhevsk ranar 23 ga Disamban 2013 yana da shekara 94.

Makonni uku bayan haka jaridar Izvestia ta buga wata wasiƙa da ya aika wa Kirill, shugaban cocin Orthodox na Rasha. A ciki ya ce raɗaɗin da ke ransa ya fi ƙarfinsa, yana tambaya ko shi ke da alhakin rayukan da bindigarsa ta ɗauka, ko da na maƙiya ne. An buga ta ne da na'ura a kan takardarsa mai ɗauke da sunansa, ya sa hannu a ƙasa da hannu mai rawa, ya kira kansa bawan Allah. A ma'aunin dillalai tana mataki na biyu, kuma nan take aka fara tambayar da ake yi wa duk takarda irinta. 'Yarsa Elena ta gaya wa jaridar cewa mai yiwuwa wani limamin coci ne ya taimaka masa wajen tsara ta. Kakakin Kirill ya tabbatar da cewa wasiƙar ta iso kuma an amsa ta: an gode masa, an kira shi abin koyi wajen kishin ƙasa, an kuma shaida masa cewa in makami don kare ƙasa aka yi shi, coci yana bayan wanda ya ƙera shi da sojan da ya riƙe shi.